Tartuffe a Kan Dandamali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Darakta Ke Juya Wasan Barkwanci

Duk wanda ya yi boko da Faransanci, a Nijar ne ko Kamaru ko Chadi, da wuya bai ci karo da sunan Molière ba. Sai dai karatu a takarda daban, gani da ido daban. Na sha ganin ɗalibi ya karance Tartuffe tas ya ce shi bai ga abin dariya ba, ran da aka taka masa wasan a gabansa kuma ya riƙe ciki har da hawaye. Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗaliban wasan kwaikwayo da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yi mini a kan wannan wasa.

Wane wasa ne Tartuffe, kuma me ya ƙunsa?

Molière, wanda ainihin sunansa Jean-Baptiste Poquelin, an haife shi a Paris a 1622, ya mutu a 1673. Shi ke rubuta wasa, shi ke raba wa 'yan ƙungiyarsa matsayi, kuma da shi ake hawa dandamali. Tartuffe, wanda ake furtawa Tartuf, labarin wani attajiri ne mai suna Orgon da ya ga wani matsiyaci a coci yana ta ibada da ajiyar zuciya, har da sumbatar ƙasa. Ya ɗauko shi ya kawo gida, ya fifita shi a kan kowa. Duk gidan sun gane Musa ne a baki Fir'auna a zuci, ban da maigidan da tsohuwarsa. Orgon ya ƙudurta raba 'yarsa Mariane da saurayinta Valère ya ba Tartuffe ita, ya kori ɗansa Damis, ya rubuta wa baƙon dukiyarsa kaf. Shi kuwa baƙon, matar gidan ce, Elmire, ta tsole masa ido.

An fara nuna wasan ranar 12 ga Mayu 1664 a fadar Versailles, gaban Sarki Louis na 14, lokacin yana da kashi uku. Manyan coci suka tayar da ƙura, aka hana nuna shi ga jama'a. A watan Agusta 1667 Molière ya gyara shi ya sake gwadawa, dare ɗaya kawai ya yi shugaban babbar kotun Paris ya rufe shi, babban limamin Katolika na birnin kuma ya yi barazanar korar duk wanda ya taka shi, ko ya karanta, ko ya saurara, daga coci. Sai ranar 5 ga Fabrairu 1669 aka sake shi, da kashi biyar, kuma wannan ne rubutun da ke hannunmu yau.

In kalmomin ba sa canzawa, me ya rage wa darakta?

Kusan komai. Wasan baiti 1,962 ne, amma bayanin motsi a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, don wanda ya rubuta shi yana tsaye a wurin gwaji, ba ya bukatar ya rubuta wa kansa inda zai tsaya. Kundin ma'aikatan dandamali na wancan ƙarni ya lissafa kayan da wasan ke bukata a layi guda: ɗaki, kujeru biyu masu hannu, teburi da shimfiɗa a kansa, mazaunin kyandir biyu, da sanda. Shi ke nan. Wa ke zaune, wa ke tsaye, wa ya juya wa wani baya, shiru na daƙiƙa nawa kafin amsa, duk wannan sai an yanke shi a wurin gwaji.

Ga misali daga kashi na ɗaya. Orgon ya dawo daga ƙauye bayan kwana biyu, yana tambayar Dorine, mai aikin gidan, labarin gida. Ta ce uwar ɗakinta ta yi zazzaɓi da ciwon kai. Ya ce, Tartuffe fa? Ta ce lafiyarsa ƙalau, ya yi ɓulɓul, fuska sai sheƙi. Orgon ya ce abin da a Hausa za mu ce "Allah sarki, bawan Allah!" Ta ce matar ko loma ɗaya ba ta iya kaiwa baki ba, shi kuwa ya tashi da makwarwa biyu da rabin cinyar rago. Allah sarki, bawan Allah. Matar ba ta runtsa ba, shi ya yi barci har safe. An tsaga matar an fitar mata da jini, shi ya kwankwaɗi manyan kofuna huɗu na giya wai don ya mayar da jinin da ta rasa. Sau huɗu Orgon yana faɗin kalma ɗaya.

To yaya zai faɗe ta? In ya riƙa faɗa da murya iri ɗaya kamar agogon bango, dariyar daga maimaicin za ta fito, kuma a ta uku 'yan kallo za su riga shi faɗa. In tausayin ya riƙa ƙaruwa har a ta huɗu idonsa ya kawo ruwa, an nuna mana mutumin da zuciyarsa ta kamu da gaske. In kuma darakta ya sa Elmire ta tsaya a bakin ƙofa, a rame, tana jin mijinta, za a yi dariya a ta farko, amma kafin ta huɗu zauren ya yi tsit. Ba a taɓa harafi ko ɗaya ba.

Yaya ya kamata Tartuffe ya kasance, mai ƙiba ko ramamme, dattijo ko saurayi?

An gwada kowanne. Bayanin Dorine ya ba da mutum mai ƙiba, mai jan baki, mai ci kamar gara, kuma an daɗe ana taka shi a haka: ƙaton ciki, ido yana kallon sama hannu yana laluben akushi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen da ya taɓa ganin 'yan kama suna kwaikwayon wa'azi amma duk nassin nasu tuwo ne da nama. Dariyarsa a kusa take. Matsalarsa ita ce, in yaro ɗan shekara goma ya gane maƙaryaci ne tun shigowarsa, to Orgon ya zama sakarai kawai, kuma ba mai zama awa biyu yana damuwa da abin da zai sami sakarai.

Louis Jouvet, ɗan wasa kuma darakta, ya bi wata hanya a Paris a 1950. Tartuffe ɗinsa kamilin mutum ne, mai nauyin baki, wanda kai ma ɗan kallo sai ka fara shakkar ko dai da gaske yake, sha'awa ce kawai ta kayar da shi. Darakta Antoine Vitez a 1978, a bikin wasanni na Avignon, ya ba saurayi matsayin, Richard Fontana, mai jini a jika. Nan take lissafi ya canza: in Tartuffe kyakkyawan saurayi ne, Elmire kuma matashiya ce da ke auren dattijo, to fitowarsu tare ta zama mai haɗari ga su biyun. Gérard Depardieu ya taka shi a 1984 ƙarƙashin Jacques Lassalle, ga ƙaton jiki ga murya ƙasa-ƙasa. A watan Janairu 2022, da ake cikar shekara 400 da haihuwar Molière, Ivo van Hove ya buɗe nasa a gidan wasa na Comédie-Française da abin da babu a rubuce: an tsinci Tartuffe a yashe kamar mabaraci, mutanen gidan suka tuɓe shi, suka yi masa wanka, suka sa masa sutura. Kafin ya buɗe baki mun riga mun ga hannuwansu a jikinsa, mun ga su ne suka gyara shi da kansu.

Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne, kada ɗan wasa ya taɓa kanne wa 'yan kallo ido don ya nuna musu ƙarya yake yi. Molière bai ba Tartuffe fitowa ko ɗaya da yake shi kaɗai yana tona cikinsa ba. Macucin da ya iya sana'arsa ba ya ajiye ta ko da ya ga ba kowa.

Me ya sa Tartuffe ba ya fitowa sai kashi na uku?

Da gangan ne. Molière da kansa ya rubuta a gabatarwar wasan cewa kashi biyu cur ya ɓatar yana share wa mugun nasa hanya. Ana ta faɗa a kansa, tsohuwa tana yabo, yara suna zagi, har ɗan kallo ya ƙosa ya gan shi. Da ya shigo, a fitowa ta biyu ta kashi na uku, kalmarsa ta farko umarni ce ga yaronsa Laurent ya adana masa rigar gashi da bulalar da yake horon jikinsa da su, kuma rubutun ya nuna sai da ya hango Dorine sannan ya faɗa. Daga nan ya zaro hankici ya ce ta rufe ƙirjinta.

Wannan hankici kaɗai ya isa a gane darakta. Wani zai sa Tartuffe ya miƙa shi daga nesa, fuska a kauce. Wani zai sa ya kauce da fuska amma ido ya saci kallo. Wani kuma zai sa ya matso ya ɗora mata da hannunsa, ya ɗan jinkirta. Na farko mai tsantseni ne, na biyu abin dariya, na uku abin tsoro, kuma duk wanda aka zaɓa da shi za a tafi har ƙarshen wasa.

Na ji ana cewa wasan na Orgon ne, ba na Tartuffe ba. Gaskiya ne?

Ina cikin masu faɗin haka, kuma babbar hujja ita ce Molière, wanda ke da ikon ɗaukar duk matsayin da ya ga dama, Orgon ya ɗauka, ya bar wa Du Croisy Tartuffe. Macuta ba su taɓa ƙarewa a duniya ba. Abin tambaya shi ne me ya sa magidanci mai hankali, wanda Dorine da kanta ta shaida ya nuna jarumta wajen yi wa sarki hidima lokacin tarzomar da aka yi a Faransa, zai buɗe baki ya ce ko ɗan'uwansa da 'ya'yansa da uwarsa da matarsa za su mutu a gabansa ba zai damu ba, kuma yana faɗa yana alfahari, wai Tartuffe ne ya koya masa yanke son duniya.

Darakta dole ya amsa wannan tambaya, ko da bai faɗa wa kowa amsar ba. Roger Planchon, wanda ya shirya wasan a 1962 ya kuma sake shi a 1973, ya karanta shi a matsayin so: Orgon ya kamu da son mutumin nan, son da shi kansa bai san sunansa ba. A shirin 1973 gidan ma ana cikin gyaransa ne, ga katakan magina, ga ƙyallaye an lulluɓe kaya, alamar attajirin da ke ta faɗaɗa gini alhali gidan na rushewa ta ciki. Wasu kuma suna ganin tsoron tsufa ne da mutuwa. Wasu na ganin mulki ne tsagwaronsa: ga mutum da yara suka girma suka fara mayar masa da magana, ga matashiyar mata, ga mai aiki da ba ta shakkar sa, sai ya sami wanda zai ba shi hujjar taka kowa da sunan Allah. Wannan karatu na ƙarshe shi ya fi kwanta mini, domin shi ke bayyana yadda Orgon ke jin daɗi in ya ɓata wa iyalinsa rai. Da bakinsa ya ce zai sa Tartuffe ya riƙa zama da matarsa a kowane lokaci don kowa ya ji haushi.

Darakta Stanislavski na Rasha yana cikin aiki a kan wannan wasa ya mutu a 1938, almajirinsa Mikhail Kedrov ya ƙarasa shi aka nuna a Mosko a 1939. Abin da ya nace wa 'yan wasansa shi ne su manta wasan dariya suke yi, su ɗauka da gaske wani ya shigo zai raba su da gidansu. In Orgon ya yarda da mutuminsa har zuci, to fitowar nan ta kashi na uku, inda Damis, wanda ya laɓe ya ji Tartuffe na neman Elmire, ya tona asiri, Tartuffe ya durƙusa yana cewa e, ni mugu ne, ku kore ni, Orgon shi ma ya zube a gabansa, za ta ba da dariya ba tare da kowa ya yi wani abin ban dariya ba. Manya biyu a durƙushe suna rungumar juna, mai gaskiya a tsaye ana korar sa.

Me ya sa fitowar teburi ta fi kowace wuyar shiryawa?

Ita ce fitowa ta biyar a kashi na huɗu. Elmire ta gaji da musu, ta ce gani ya kori ji, ta sa mijinta ya shiga ƙarƙashin teburi, ta aika a kira Tartuffe, ta nuna masa kamar ta amince. Sharaɗin shi ne da zarar Orgon ya gamsu ya fito. Tartuffe ya fara da shakka, sannan ya ce shi ba zai yarda da daɗin baki ba sai ya ga zahiri. Elmire ta yi tari don mijin ya fito. Shiru. Ta sake tari. Tartuffe ya miƙo mata alewar maganin tari. Har ya kai ga gaya mata cewa laifin da aka yi a ɓoye ba laifi ba ne, maigida yana nan a ƙasa bai motsa ba. Sai da ta ce ya leƙa waje ko mijinta na kusa, Tartuffe ya ce wannan ai mutum ne da ake ja ta hanci, sannan bayan ya fita leƙen Orgon ya rarrafo waje.

Tambayoyi uku ke jiran darakta a nan. Me ya zaunar da Orgon? Suman zaune ya yi, ko har lokacin yana nema wa mutuminsa uzuri, ko kuwa taɓa matarsa bai dame shi ba sai da aka taɓa girmansa? Ina Elmire ta tsaya, wasa take da wuta tana jin daɗin iyawarta, ko a tsorace take, ko akwai ɗan abin da ya motsa a zuciyarta? Sannan ina iyakar hannun Tartuffe? In ya tsaya nesa yana zuba zance, tarin ya zama abin dariya zalla. In ya riga ya danne ta a kan teburin da mijinta ke ƙarƙashi, tarin ya zama kururuwar neman agaji, kuma maganar da ta yi wa mijin da ya fito, wai tun yanzu ka fito, koma mana ai da saura, ta tashi daga zolaya ta koma tsinuwa.

Shekarun baya na taya wasu ɗalibai shirya wannan fitowa a wata makaranta. Zanen da muka samu na rufe teburi gajere ne, ƙafafun Orgon a waje, da silifas ɗinsa. Yaron da ya fito a Tartuffe ya tsaya cak a tsakiyar gwaji ya ce, "Malam, wallahi ina ganin ƙafarsa. Yaya zan yi in nuna ban gani ba?" Gaskiyarsa. Muka ja zanen ya sauka har ƙasa ta ɓangaren Tartuffe, muka bar ɓangaren 'yan kallo a buɗe. Sai wata sabuwa ta ɓullo: yanzu kowa fuskar Orgon yake kallo, shi kuma ya samu dama, sai zare ido yake yana cizon yatsa, ba wanda ke jin abin da yarinyar da ta fito a Elmire ke faɗa. Ta zo ta same ni bayan gwaji ta ce, "Malam, in dai haka ne gara a ba ni tsintsiya in yi shara, tunda ba mai kallo na." Ƙarshe muka ɗaure yaron da ya fito a Orgon: ba zai motsa ba sai sau uku, sauran lokacin ya daskare kamar gunki. Ran wasa, daskarewar nan ta fi duk zare idon ba da dariya.

Sutura tana da wani tasiri, ko ado ne kawai?

Tarihin wasan ya amsa wannan. Da Molière ya so a sake masa wasa a 1667, ya canza sunan mutumin zuwa Panulphe, ya kuma canza masa kaya. A takardar kokensa ga sarki ya lissafa su: ƙaramar hula, dogon gashi, faffaɗar kwala, takobi, da leshi ko'ina a riga. Wato ya mayar da shi ɗan gayu don kada a ce da ma'aikatan coci yake. Bai tsira ba, amma ya nuna ya san rigar da ke jikin ɗan wasa tana magana tun kafin bakinsa. Har yau haka ne. Ka sa wa Tartuffe kayan malaman addini, ka ce da su kake. Ka sa masa kwat da jakar hannu, ya koma irin masu ba manya shawara.

Yadda ake nuna shi yau ya yi kama da na zamanin Molière?

Ko kusa. Da kyandir ake haska dandamali da zauren gaba ɗaya, 'yan wasa na ganin 'yan kallo ƙuru-ƙuru, kuma tsakanin kashi da kashi sai an gyara lagwani. Masu ƙaramin tikiti a tsaye suke a gaban dandamali suna hayaniya, masu kuɗi kuma kujerunsu a kan dandamalin kansa, gefe da gefe, al'adar da ba a kawar ba a Comédie-Française sai 1759. Ka ga ke nan Orgon yana ɓuya ne a tsakiyar mutane. Tsohuwa Madame Pernelle, uwar Orgon, kuwa namiji ne ya taka ta. Wasu daraktoci na riƙe da wannan har yau, kuma yana sauya buɗewar wasan: tsohuwar da ke bin kowa da faɗa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare da kwaɗa wa 'yar aikinta mari, in ƙato ne a cikin zane ba wanda zai ji tsoronta.

Ya halatta a ɗauke wasan daga Faransa a kai shi wani wuri ko wani zamani?

An daɗe ana yi. Tun 1873 Muhammad Usman Jalal ya juya shi zuwa Larabcin Masar da sunan Shaikh Matluf. A 1995 Ariane Mnouchkine da ƙungiyarta Théâtre du Soleil suka kai shi wani gida a gaɓar Bahar Rum, da tsakar gida da ƙofar ƙarfe, wurin da duk wanda ya gani ya tuna Aljeriya. Lokacin ƙasar na cikin yaƙin basasa, shekara ɗaya kafin nan aka harbe marubucin wasan kwaikwayo Abdelkader Alloula a Oran. Babban abin da ta yi shi ne ba ta bar Tartuffe shi kaɗai ba. Da tawaga yake shigowa, maza masu gemu cikin baƙaƙen kaya. Macuci guda ana iya kama shi a rufe, amma in ƙungiya ce a bakin ƙofa, kama mutum ɗaya bai kashe wutar ba. A 2018 kuma kamfanin Royal Shakespeare na Ingila ya nuna wani juyi da Anil Gupta da Richard Pinto suka rubuta, Iqbal Khan ya ba da umarni, a gidan wani ɗan kasuwa Musulmi ɗan asalin Pakistan a Birmingham.

Sharaɗina ɗaya ne. Duk inda aka kai shi, a bar Cléante, ɗan'uwan Elmire, da ƙarfinsa. Shi ne ke bambance mai ibada na gaskiya, wanda ba ya tallar ta, da mai cin abinci da ita. Jawabansa dogaye ne, daraktoci na son datse su ko su mayar da shi mai surutun da kowa ke hamma in ya fara. In aka yi haka, wasan ya tashi daga sukar munafunci ya koma sukar addini, abin da Molière ya shekara biyar yana rantsuwar ba shi ya yi ba. Kuma akwai bambanci tsakanin mutane su yi wa nasu munafukin dariya da a ɗauko na wasu a nuna wa waɗanda dama neman abin faɗa suke.

Ƙarshen wasan kamar an liƙa shi ne. Yaya ake yi da shi?

Da yawa sun ji haka. A kashi na biyar Tartuffe ya riga ya ci gida: masinjan kotu, mai suna Loyal, ya zo da takardar tashi, ga kuma akwatin takardun sirri na wani abokin Orgon da ya gudu, wanda Tartuffe ya kai wa sarki. Ya dawo da dogarin sarki a kama Orgon. Kwatsam dogarin ya juya ya kama Tartuffe, ya yi dogon jawabi cewa muna ƙarƙashin sarki maƙiyin zamba, mai gani har cikin zukata, ya yafe wa Orgon saboda tsohuwar hidimarsa, ya mayar masa da dukiya. Kowa ya san marubucin da aka rufe wa wasa shekara biyar yana da dalilin gode wa sarki.

Ana iya taka shi da zuciya ɗaya, a yi murna a tafi ɗaurin aure. Ana iya cika shi da ƙyalƙyali da kiɗa har ɗan kallo ya gane tatsuniya ce, a duniyar gaske ba mai zuwa ceto. Planchon ya mayar da shi farmakin jami'an tsaro, suka faɗo gidan da ƙarfi, iyalin suka tsira amma a firgice, sun gane wanda ya san sirrin Tartuffe ya san nasu. Van Hove kuwa ya kauce wa matsalar gaba ɗaya. Rubutun 1664 ya ɓace, amma masanin tarihin wasan kwaikwayo Georges Forestier ya yi ƙoƙarin sake gina shi a kashi uku, babu Mariane da Valère, babu dogari, babu ceton sarki, kuma da wannan aka yi shirin 2022.

Duk wannan duhu bai kashe dariyar ba?

Wani lokaci yana kashewa, kuma ina ganin asara ce. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 daraktocin Turai suka fi karkata ga Tartuffe mai ban tsoro, har akan fito daga zaure ba a yi dariya sau biyar ba. Amma dubi kashi na biyu, inda Mariane da Valère suka yi faɗan masoya kan abin da bai kai ya kawo ba, kowa na cewa ya haƙura da wani, Valère na nufar ƙofa yana dawowa, Dorine na janyo wannan ta saki ta kamo wancan. Wanda ya rubuta wannan so yake a yi dariya. Ma'aunina Dorine ce: in aka bar mata bakinta da saurinta, wasan zai ɗauki duk nauyin da aka ɗora masa.

Yaya ake yi da baitukan, musamman in an fassara?

Asalin wasan waƙa ne, kowane layi gaɓa 12, layi biyu-biyu masu amsa-amo ɗaya. Ɗan wasan da ya bi kiɗan baitin sosai zai sa mutane gyangyaɗi, wanda ya take shi gaba ɗaya kuma ya zubar da rabin dariyar, don sau da yawa a kalmar ƙarshe ta layi na biyu tarkon yake. Richard Wilbur ya riƙe amsa-amon a fassararsa ta Ingilishi ta 1963, wasu suka zaɓi zube. Mai juya shi zuwa Hausa yana da wata dama: ya bar mutanen gida su yi maganar yau da kullum, ya ba Tartuffe shi kaɗai harshe mai ƙawa, mai kari, wanda ke narkewa a kunne. Da ya ce gidan nan nawa ne, ku za ku fita, sai ya ajiye ƙawar ya yi magana gatsau.

Ƙaramar ƙungiya da ba ta da kuɗi, daga ina za ta fara?

Daga teburi. Vitez da teburi ɗaya, kujeru biyu, kyandir da sanda ya yi wasannin Molière huɗu a 1978, saboda haka rashin kaya ba uzuri ba ne. A sami teburin da babban mutum zai iya zama ƙarƙashinsa minti goma ba tare da wuyansa ya sage ba, mai ƙarfin da in an jingina ko an buga shi ba zai tafi ba. A yanke wurin ƙofa biyu, ta waje da ta cikin gida, da lungun da Damis zai laɓe a kashi na uku, kada a canza su. A ba wanda ya fi kowa iya wasa Orgon, ko da zai yi fushi ya ce shi babban matsayi yake so. A gwada fitowar teburi tun makon farko, da zanen da za a yi amfani da shi ran wasa, kuma wadda za ta fito a Elmire ita za ta faɗi iyakar inda hannun Tartuffe zai kai, a tsayar da shi a gaban kowa, kada a ƙara ko taƙi ɗaya ran da zaure ya cika.